Kwana Biyu a Kan Keke da Surukina

Tun da hoton nan ya shiga zauren hirarmu na waya na 'yan unguwar Barking a London, wanda aka gan ni da surukina kowa da hular kwano a ka yana riƙe da kekensa, ban huta ba. A masallaci a tare ni, a shagon nama a tare ni, har wani ya bugo daga Manchester yana tambaya wai da gaske na kai dattijo mai shekara saba'in da biyu daji a kan keke? Gaskiya ne mun je, sai dai ba ni na kai shi ba, shi ya kai ni. Kwana biyu muka yi, mun gama hanyar, mun dawo da ƙafafunmu. Zan rubuta yadda aka yi sau ɗaya, don na gaji da maimaitawa a ƙofar masallaci da takalmi a hannu.

Surukin nawa mahaifin matata Bilkisu ne. Ba zan kama sunansa ba, kun san dalili, Baba muke ce masa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana aikin reluwe, daga mai juya layi har ya zama shugaban tasha a wani ƙaramin gari tsakanin Zariya da Gusau. Bana ya zo mana lokacin zafi don a duba masa ido. Aikin idon bai ci mako guda ba, saura mako biyar na zaman banza. Mutumin da har yau a Zariya keke yake hawa zuwa gona, sai ga shi a hawa na biyu yana zaune bakin taga, yana kallon jiragen ƙasa na District line da ke wucewa ta bayan gidanmu yana auna su da agogonsa.

Ni na jawo wa kaina. Wata rana don in ɗebe masa kewa na nuna masa hotunan wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa a Essex, wadda ta tashi daga garin Braintree ta nufi yamma. An daɗe da rufe ta, an kwashe dogon, an mai da ita hanyar masu keke da masu tafiyar ƙafa a cikin wani dogon gandun shaƙatawa. Ya kai wayar kusa da idon da aka gyara, ya daɗe yana kallo.

"Dogon suka cire? Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya, Baba."

"Tashoshin fa?"

"Wasu na nan. Ɗaya ma shayi ake sayarwa a ciki."

"To, sai na gani da idona. Asabar."

Abu biyu ya kamata ku sani kafin mu kama hanya. Na farko, shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ban taɓa kai loma baki a gaban Baba ba. Haka aka tarbiyyantar da ni: ba ka ci gaban suruki, ba ka shiga gabansa, ba ka haɗa ido da shi. London ta canja mini abubuwa da yawa, wannan kam ba ta taɓa shi ba. Na biyu, ina da ciwon suga, kuma tun bara aka ɗora ni kan allurar insulin. Wanda ke allurar nan dole abinci ya bi bayanta, in kuma yana aikin ƙarfi irin tuƙa keke sai ya riƙa jefa wani abu a baki lokaci-lokaci, in ba haka ba sugan ya faɗi, mutum ya kife. Na sa Bilkisu ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa a gidansu ba. Lokacin da zan kawo ta ƙasar nan Baba bai so ba, tambaya ɗaya ya yi mini, wa zai kula da ita a can? Na ce ni. Ban ga yadda zan koma in ce masa mai kular ma da allura yake rayuwa ba.

Ranar Juma'a Bilkisu ta haɗa mini jaka. Dabino a aljihun dama, ƙananan kwalayen lemo biyu a na hagu, biskit a tsakiya.

"Don Allah ka ci, Nasiru. Baba ba dodo ba ne. Ko ka yi excuse ka ce toilet za ka."

"Na iya allona, ki bar ni."

"Ka iya. Shi ya sa last time a wurin suna sai da aka zaunar da kai a mota."

Asabar da safe na yi allurata a banɗaki, na zauna a kicin da shayi da burodi. Gutsure biyu na yi sai ga Baba tsaye a ƙofa, ya riga ya ɗaura hular kwano a kan hularsa ta gida, ya tura ƙafar wando cikin safa. Na ture farantin na miƙe. Da wannan gutsure biyun na bar gida.

Keken Baba na maƙwabcinmu ne, wani mai nauyi da faffaɗar taya. Nawa kuwa na tsere ne, taya siririya kamar yatsa, wanda na saya don yin gayu a kan kwalta. Muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa tashar Liverpool Street. A ƙofar shiga jirgin Braintree, inda ake nuna tikiti, Baba ya tsaya gaishe da ma'aikacin kamar sun yi aiki tare, yana tambayarsa shekara nawa ya yi a layin, mutane sun yi jerin gwano a bayanmu suna ta sakin ajiyar zuciya irin ta Turawa. A cikin jirgi ya zauna kusa da taga. Duk tashar da muka tsaya sai ya leƙa.

"Ba mai ƙosai, ba mai rake, ba mai rakiya," ya ce. "Mutum ya sauka kamar ya yi sata. Amma dai suna kiyaye lokaci, wannan ban ƙwace musu ba."

Ya buɗe dambun naman da Bilkisu ta ba shi da burodi. "Bismillah."

"Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

Daga tashar Braintree zuwa bakin hanyar ba nisa. Kana shiga ka san jirgi ya taɓa bi: miƙaƙƙiya ce, ba hawa ba gangara, itatuwa sun rufe ta dama da hagu, ƙasan tsakuwa. Keken Baba ya hau kamar don shi aka yi ta, nawa kuwa sai rawa yake yana watsa tsakuwa. Ya wuce gaba, na bi baya, kamar yadda ya kamata.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutanen da in ka haɗu da su a tube ko kallonka ba sa yi, a nan kowa gaisuwa yake. Mai gudu ya gaishe ka, mai doki ya gaishe ka. Baba ya ji daɗin wannan ƙwarai, yana kaɗa ƙararrawa yana amsawa da Turancinsa na mutanen da, mai cikakkiyar jimla. Karnuka ne kawai matsala. Wani ƙaton kare ya taso ya shinshina masa wando, matar da ke da shi ta rugo tana cewa ai ba ya cizo, wasa yake so. Baba ya ce mini da Hausa, "Gaya mata ba haƙorinsa nake tsoro ba, yawunsa." Ban gaya mata ba. Ta juya ta ce wa karen ya ba mu haƙuri, ta tsaya tana jiran ya bayar.

Zangonmu na farko tsohuwar tashar nan ce mai shayi. Dandamalin na nan yadda yake, an ajiye tsohon tarago guda a gefe an mai da shi wurin nuna kayan tarihi. Wani dattijon Bature ke kula da shi, kyauta, don sha'awa kawai. Da Baba ya ce masa shi ma ɗan reluwe ne, sai suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Suka shiga zancen sigina da sandar izini, wato ƙarfen da ake miƙa wa direba a layi mai hanya ɗaya don kada jirgi biyu su haɗu. Baturen ya ce a nan sai a gidan tarihi ake ganinta. Baba ya ce shi da hannunsa ya miƙa ta har ranar da ya yi ritaya.

Baba da kansa ya sayo shayi biyu da yankan kek biyu, ya dire nawa a kan tebur.

"Zan shiga taragon nan in duba. Zan ɗan daɗe. Zauna nan."

Na dubi kek ɗin, na dubi matakalar taragon, tsayi gare ta ga ba abin riƙewa. A ce surukina ya zame ya karye ina zaune ina cin kek? Me zan gaya wa mutanen Zariya? Na naɗe kek ɗin a takarda na jefa a jaka, na bi shi na tallafi gwiwar hannunsa. Ya waiwayo ya dube ni, ya ci gaba da hawa.

Muka ci gaba. Wajen sha biyu na fara jin alamar da na sani, ɗan sanyi a ƙeya da yunwa mai ƙwaƙular ciki. Akwai wani ɗan faifai manne a damtsena da ke auna sugan yana aika wa waya, na rufe shi da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ina lissafin in Baba ya ɗan yi nisa zan zura hannu in ɗauko dabino, sai ya ja burki a kan wata tsohuwar gadar bulo.

"Bari in sauka in ga ƙarƙashinta. Ka tsaya da kekunan."

Gangaren duk ciyawa ce mai santsi. Na ɗaure kekunan da sarƙa na bi shi. Muna tsaye ƙarƙashin gada, ba abin gani sai jiƙaƙƙen bulo da kashin tantabaru, sai wayata ta fara ƙara. Na kashe da sauri.

"Mene ne?"

"Ofis ne, Baba."

"Ran Asabar?"

"Council ɗin da nake wa aiki ba su san Asabar ba."

Ya yi ɗan tsaki, na ɗauka da council yake.

Gaba kaɗan hanyar ta yi taɓo, ruwan da aka yi a makon bai bushe a inuwa ba. Tayata ta ƙi, dole muka fita muka bi ƙananan titunan ƙauye da ke zagayawa su dawo kan layin. Titunan da kyau, kwalta sumul tsakanin gonakin alkama, sai dai ƙunci, shinge ya yi tsayi ba ka ganin abin da ke tahowa. Baba ya sha komawa hannun dama, hannun gida, ina bayansa ina kiran "Hagu, Baba, hagu!" Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ɗaga masa murya. A nan ne kuma keken gayuna ya taka ƙaya, tayar baya ta sace.

Na durƙusa zan cire tayar, ƙarfen ɓanɓarewa ya kuɓuce mini ya faɗi sau biyu. Baba ya karɓa. Bai nemi ruwa ba, ya hura tiyub ɗin ya riƙa bi da shi kusa da kumatunsa har ya ji inda iska ke fita.

"Je ka bayan shingen can ka ga ko akwai wurin salla. Tafi da jakarka."

"A'a Baba, ba sai da ita ba."

Kada ku tambaye ni dalili. Masu ciwon nan sun sani, in suga ya yi ƙasa, hankali ne ke fara tafiya, taurin kai ya zauna a gurbinsa. Abin da ke kaina kawai shi ne dattijo na yi mini faci a rana. Na leƙa bayan shingen na dawo da sauri na riƙe masa famfo.

Inda titin ya koma kan layin akwai wani ɗan dandamali, ba gini, sai benci da allon suna, irin wurin da jirgi ke tsayawa in an ɗaga masa hannu. Nan muka yi alwala da ruwan gora. Baba ya duba alƙibla, ya shimfiɗa rawaninsa.

"Ni zan fara. Ka zauna ka tsare kekuna, in na idar ka yi taka."

Ban taɓa jin Baba ya ce a raba jam'i ba, amma ban tsaya tunani ba. Yana kabbara na tsaya a damansa na ɗan ja baya, na tayar. Raka'a biyu ce ta matafiya. Ta farko na yi ta ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya. A ta biyu na kai goshi ƙasa, na ji ya ce Allahu akbar, na ce wa jikina tashi, jiki ya ce bai san zancen ba. Zufa ta jiƙa ni sharkaf, harshena ya yi nauyi, wayar na ta ƙara a aljihu ban iya kai hannu ba. Na ji tsoro ƙwarai. Na tuna Bilkisu da yara, na ce ashe a nan za a zo a ɗauke ni.

Abin da na sani bayan wannan, kaina na kan cinyar Baba, tsinken lemo na bakina.

"Sha. Sha, na ce!"

Na sha. Ya buɗe na biyu. Ko a cikin wannan hali na lura bai bincika jakar ba, kai tsaye aljihun hagu ya nufa. Wata mata mai gudu ta tsaya tana tambaya ko ta kira motar asibiti. Baba ya zaro wayata ya kai ta kusa da idonsa, ya ce mata da Turanci, sugansa ne ya faɗi, biyu da ɗigo takwas, an ba shi lemo, za mu jira minti goma sha biyar mu sake dubawa, in bai hau ba sai a kira. Matar ta zauna a benci ta jira tare da mu. Da lambar ta hau, ya cire wa dabino ƙwallo ya sa mini a hannu, ta yi mana fatan alheri ta wuce.

Na tashi zaune. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Baba, tun yaushe…"

"Tun bara. Ranar da aka fara maka allura ta kira uwarta tana kuka. Jiya kuma ta zaunar da ni ta koya mini lambobin nan." Ya kakkaɓe rawaninsa da ƙarfi, ransa a ɓace. "Tun safe sau huɗu ina ba ka wuri. Na shiga tarago, ka biyo ni. Na tura ka bayan shinge, ka dawo. Me zan gani a ƙarƙashin gada, ni da na yi shekara talatin ina kallon gada? Gwiwata har yanzu ciwo take."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ni ma da laifina. Na ce in na furta zan kunyata ka, kai kuma ka ce in ka ci ka raina ni. Tashi ka rama sallarka."

Sauran hanyar zuwa garin Dunmow a hankali muka yi ta, wani wuri ma turawa muka yi. A can na kama mana ɗaki biyu a wani gidan saukar baƙi, irin wanda mai gida ke zaune a ƙasa baƙi a sama. Matar gidan, wata dattijuwa mai yawan surutu, ta sa muka kai kekunan rumfar bayan gida. Ɗakunan tsaf, kafet har banɗaki, buta kuwa babu sai ta dafa shayi, Allah ya sa Baba ba ya rabuwa da gorarsa. Ta tambaya ko uba da ɗa ne. Da ta ji suruki ne sai ta tafa hannu, ta ce mijinta da mahaifinta ma haka suke, da suna yake kiransa, duk Juma'a tare suke fita shan giya. Baba ya ji sarai, amma ya juyo ya ce, "Me ta ce?" Na ce cewa ta yi sun shaƙu.

Ƙarfe shida, rana na nan tsaye kamar la'asar, ta aika aka sayo mana soyayyen kifi da dankali, ta jera a wani ɗan tebur a lambu. Kujera biyu, suna fuskantar juna. Na ɗauki farantina zan hau sama.

"Ajiye."

Na ajiye.

"Allurar fa? Ba kafin abinci ake yi ba? Yi a nan, ina so in ga yadda ake yi."

Na ɗaga riga a gaban surukina na soka allura a ciki. Ya sunkuyo yana kallo, ya tambayi yadda ake murɗa adadin, ya sa na maimaita. Sannan ya gyara zama.

"Nasiru, da ka zo neman tafiya da yarinyar nan na tambaye ka wa zai kula da ita. Ban ce sai wanda ba ya ciwo ba. Ladabinka na gani, shekara goma sha ɗaya ina gani, na gode. Amma kunyar da za ta sa 'yata takaba a ƙasar mutane, ba na so. Riƙe abarka. Bismillah."

Idona ya cika. Na sunkuyar da kai na fara ci. Kifin ba gishiri ba yaji, dankalin ya yi laushi, ga Baba ya ƙi kawar da kai, duk lomar da na ɗauka sai ya raka ta da ido. Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya irin wannan ba, amma na cinye tas.

Washegari muka ƙarasa. Wannan ɓangaren kusa da filin jirgin sama yake, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa a kanmu, Baba bai ko ɗaga kai ba, ya ce abin da ba ya bin layi ba ruwansa da shi. Duk bayan minti arba'in ta agogonsa sai ya ja burki, ya miƙo hannu in ba shi wayar ya duba, mu ci dabino uku-uku a tsaye. A ƙarshen hanyar muka roƙi wani ya ɗauke mu hoton da kuka gani, muka hau jirgi muka dawo London. Bilkisu ta buɗe ƙofa tana duban fuskata tana duban ta mahaifinta. Ban yi mata faɗan karya alkawari ba, ba ni da bakin yi.

Masu tambaya ko hanyar ta yi kyau, ta yi. Ku je da keke mai faffaɗar taya, ku guji bayan ruwan sama, ku yi haƙuri da karnuka.

Baba ya koma Zariya wata biyu ke nan. Da can sai da salla nake kiransa, mu gaisa minti biyu in miƙa wa Bilkisu. Yanzu kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe wayata sai ta yi ƙara, ba ya saɓawa ko da minti ɗaya. Ba doguwar gaisuwa, ba tambayar iyali.

"Nawa ne yau?"

In faɗa masa.

"Ka karya?"

"Ina cikin yi, Baba."

"To, ci gaba, ina ji."

Kuma ba ya kashewa sai ya ji ƙarar cokali.